Ba a Sa wa Dokin Sukuwa Lifidi: Martani ga Mai Raina Guntuwar Mota

Sau biyu na karanta rubutun Malam na makon jiya. Na farko a tsaye a layin gidan mai, na biyu a zaune bayan la'asar, don kada zafin rana ya sa in yi masa rashin adalci. Maganarsa ba ta canja ba tsakanin karatun biyu. A ganinsa, 'yan guntayen motocin nan masu zafin nama, irin su Golf GTI da Peugeot 205 GTI da Suzuki Swift Sport, kayan wasan yara ne da Turawa suka ƙirƙiro don raba samari da kuɗinsu. Ya ce mai cikakken hankali ba zai zuba kuɗin da ya isa sayen jif a kan motar da gwiwar fasinjan baya ke tokarar kujerar direba ba. Ya ce ƙarfin injinsu bai taka kara ya karya ba in aka jera su da manyan motocin yau, ya ce ba su da kariya, sannan ya rufe da cewa masu son su da masu wasan mota a wajen biki duk kanwar ja ce.

Malam ya girme ni a alƙalami, ya kuma girme ni a kan titi, tunda ya ce da 404 ya koyi tuƙi. Ba zan ce bai san mota ba. Sai dai wannan karon ya ɗauko mudun gero ya je awon turare.

Ga wanda bai gane motar da ake taƙaddama a kai ba, ita ce wadda ba ta da but a ware. Murfin baya da gilashinsa haɗe suke, ana ɗaga su tare kamar ƙofa. Golf ɗin da ke lodi a tasha haka take, Starlet ɗin da ke tasi a Yamai haka take, haka ma 206 ɗin da ta cika garuruwanmu a 'yan shekarun baya. To, irin wannan motar ta talakawa ake ɗauka, a sa mata inji mai ɗan ƙarin kuzari, a taurara mata shoka, a rage mata tsayi kaɗan, a faɗaɗa taya, a gyara birki. Shi ke nan. Kujerun baya suna nan, wurin sa buhun shinkafa yana nan.

Kuma ba masu talla ne suka fara ta ba, kamar yadda Malam ya nuna. A kamfanin Volkswagen na Jamus, wasu tsirarun ma'aikata ne suka riƙa ƙulla abin a ɓoye, bayan an tashi daga aiki, cikinsu akwai injiniya Alfons Löwenberg da shugaban sashen hulɗa da 'yan jarida Anton Konrad. Manyan kamfanin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Da aka nuna motar a baje kolin Frankfurt a 1975, aka fara sayarwa a 1976, lissafinsu shi ne a ƙera 5,000 a ga ko za su shige. Kafin a daina ƙera wannan samfurin na farko sai da aka yi sama da 450,000. Ba zuga ce ta sayar da su ba, mutane ne suka hau suka ji abin da suka ji, suka gaya wa 'yan uwansu.

Yanzu ga inda Malam ya fi ba ni mamaki, wato zancen ƙarfin inji. Ya lissafo ƙarfin doki kaza na wannan jif, kaza na waccan, ya ce ina guntuwar mota za ta tsaya. Amma ai duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki kaya ya san tambayar ba ta tsaya ga ƙarfin jakin ba, sai an ji nauyin mangalar. Golf GTI ta farko ƙarfin doki 110 gare ta, nauyinta kuwa kilo 810. Raba ka gani: kowane doki yana jan kilo 7 da 'yan kai. Ɗauki Prado mai injin fetur lita 2.7, wadda manyanmu ke ji da ita. Ƙarfinta wajen doki 160 ne, nauyinta ya haura tan biyu, wato kowane doki yana fama da fiye da kilo 12 tun kafin mai gida da muƙarrabansa su shiga. Motar da ta kai kilo 2,200 sai ta sami doki kusan 300 kafin ta yi daidai da waccan tsohuwar Golf ta 1976. Malam ya karanta mana rabin lissafi ya ninke takardar.

Ko da ma an ba jif ɗin dokin 300, bashin bai biyu ba. Ƙarfin inji yana amfani ne wuri guda, lokacin da ka taka totur a miƙaƙƙen titi. Nauyi kuwa ba ya sauka daga mota. Yana nan in za ka tsaya, yana nan in za ka sha kwana, yana nan in ka kauce wa akuya, yana cin taya, yana cin birki, yana shan mai ko kana sauri ko ba ka yi. Duk mai bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo. Na taɓa gangarowa a jif ɗin wani abokina, mu biyar da kaya, tun ba mu kai rabi ba warin ƙonannen birki ya cika motar, direban ya yi tsit, hirar da ake ta mutu, kowa ya koma salati a zuci. Na kuma gangaro wurin nan a tsohuwar Starlet ɗina ba sau ɗaya ba, giya ta uku ta riƙe ni, birki sai ɗan taɓawa kafin kwana. Ban fi wancan direban iya tuƙi ba. Abin da dutsen ke ja ƙasa ne bai kai rabin nasa ba.

Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, a kan wannan fahimtar ya gina duk sana'arsa: rage nauyi ya fi ƙara inji riba, domin yana biya a ko'ina a kan hanya. Kuma an gwada an gani. A gasar Monte Carlo ta 1964, 'yar mitsitsiyar Mini Cooper S mai injin da bai fi lita ɗaya da kaɗan ba, a hannun Paddy Hopkirk, ita ta zo ta ɗaya, ta bar ƙatuwar Ford Falcon ta Amurka mai silinda takwas a matsayi na biyu. Gaskiya ne tsarin ba da maki na shekarar ya ɗan tallafi ƙananan injuna, amma Mini ta sake ci a 1965 da 1967. Ita ba ta da ƙofar baya irin wadda na kwatanta, amma kakar wannan dangin ce.

Duk wannan lissafi ne, kuma ba lissafi ne ya sa muke son motocin nan ba. Bari in gaya wa Malam ranar da na kamu.

Akwai wani tsohon bakanike a Kaduna, ta wajen Kakuri, wanda ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar Peugeot lokacin da 504 ke fitowa kamar fara. Na kai masa mota gyara, sai na hango wata fara a can ƙurya, an rufe rabinta da buhu, jan layi ya zagaye bambarta. 205 GTI ce, mai lita 1.6, wani ya shigo da ita ta Kwatano ya kasa biyan kuɗin aiki ya bar masa. Na yi ta zagaya ta har ya gaji da ni.

"Ɗana, kallo ba ya ƙosarwa. Ka iya kulos?"

"Na iya, Baba."

"To shiga. Amma ka ji ni da kyau, in ka shiga kwana kada ka ɗage ƙafa gaba ɗaya. Wannan ba ta son mai canja magana."

Ƙofar kamar ta gwangwani, da yatsa biyu na ja ta. Cikin babu komai sai jan kafet da ya koɗe da warin tsohon mai. Sitiyarin ba fawa, a tsaye yana da tauri kamar ana tuƙa tuwon gidan biki, amma muna fara tafiya sai ya saki, ya fara magana. Ban san kalmar da ta fi wannan ba. Inda kwalta take da santsi tafin hannuna ya sani, inda yashi ya kwanta a gefe sitiyarin ya yi sako-sako kafin idona ya gani. Totur ɗin waya ce tsagwaronta daga feda zuwa inji, kana taɓawa tana amsawa, ba wata kwamfuta a tsakani da za ta tsaya shawara. Muka iso wata kwana mai faɗi, na shiga da ɗan gudu, tsoro ya kama ni, na yi ainihin abin da aka hana ni. Nan take na ji bayan motar ya yi sauƙi, yana neman leƙo gaba. Na maida ƙafa a hankali, ta koma ta zauna. Baba bai ko kama abin riƙewa ba. Dariya ya yi ya ce, "Ka ji ko? Ta gaya maka."

Da na dubi agogon gudu, allurar ba ta wuce 70 ba.

Wannan 70 ɗin ita ce amsata ga zargin da ya fi yi mini ciwo, na haɗa mu da masu wasan mota. Dokar hanya a Nijeriya ta tsaida motar gida a kilomita 100 a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Babbar mota ta zamani an ƙera ta ne don ta ɓoye maka gudu. Gilas mai kauri, kujera kamar ta falo, sanyi, shiru. Kana 100 ka ɗauka a tsaye kake, sai ka kai 160 jikinka zai fara jin wani abu na faruwa, kuma a wannan gudun in abu ya faru ya riga ya faru. Kowa ya san ɓarnar karo ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsere masa take: ka ninka gudu biyu, ƙarfin bugun ya ninka huɗu. Mota marar nauyi kuwa tana ba ka abin da kake nema tun kana cikin doka. Daɗin yana cikin sa giya daidai lokacinta, da shiga kwana a layin da ya dace, da jin taya huɗu suna aiki ƙarƙashinka. Yaron da ke juyi a gaban gidan amarya yana tada ƙura ba wannan yake nema ba. Shi ihun 'yan kallo yake so, kuma a iya abin da idona ya gani, da motar babansa mai dogon hanci yake yi, don guntuwar mota ba ta tara jama'a. Ita ai ba a gane ta sai an zauna a bayan sitiyari, kuma mutum ɗaya ne ke zama a wurin.

Akwai wurare biyu da Malam ya taɓa gaskiya, ba zan yi musu kwana ba.

Na farko kariya. Tsohuwar 205 ko Golf ta farko ba su da jakar iska, ba su da birkin da ke hana taya kullewa, ginshiƙan rufinsu sirara ne. An ƙera su tun kafin a fara gwajin karo na Euro NCAP a 1997, wanda ya tilasta wa kamfanoni su ƙarfafa jikin mota. Wanda ya ce maka zai fi son ya yi karo a cikin 205 maimakon sabuwar mota, ko ƙarya yake ko bai taɓa ganin haɗari ba. Ni kaina ba zan ɗebi iyalina a cikinta zuwa Maiduguri ba. Amma wannan hukunci ne a kan tsufa, kuma 404 ɗin Malam tana cikin waɗanda ya hau kansu. Swift Sport da Suzuki ya fitar a 2017 tana da jakunkunan iska da na'urar hana santsi, ga ƙarfin doki 140, kuma nauyinta kilo 970 ne. Ashe ana iya yi in an so.

Sannan akwai gefen maganar da Malam ya tsallake. In babbar mota da ƙarama suka haɗu, na cikin babbar ya fi tsira, haka ne. Amma ina ƙarfin bugun ya tafi? Bai ɓace ba, kan wani ya sauka. A titunanmu wannan wanin ɗan acaɓa ne, ko mai keke-napep da fasinja huɗu, ko yarinya mai tallan gyaɗa da dogon hancin jif ya hana direba ganinta. Tsarin da kowa zai sayi wadda ta fi ta maƙwabcinsa nauyi don ya tsira ba shi da ƙarshe sai kowa ya hau tirela. Ban ga Malam ya ce uffan kan wannan ba, alhali shi ne ya kawo zancen rai.

Na biyu hanya. Motar da aka rage wa tsayi aka taurara wa shoka ba ta jituwa da ramukan damina, kuma wanda gidansa ke bayan kwalbatin da ya karye yana da hujjar sayen doguwar mota. Ban musa ba. Sai dai ina tuna masa cewa Golf 3 ce ke ɗaukar mutum shida da buhunan masara tana shiga ƙauyukan da jif ɗin birni ba ta taɓa leƙawa ba, kuma galibin manyan motocin da na sani iyakar jejinsu hawa kan dakalin masallacin Juma'a. Har na so in kafa hujja da 205 Turbo 16, wadda ta ci gasar duniya ta tseren daji a 1985 da 1986, ta kuma ci Paris-Dakar a 1987 a hannun Ari Vatanen da 1988 a hannun Juha Kankkunen, zamanin da gasar ke ratsa hamadar Nijar. Amma wannan zai zama ha'inci. Waccan suna da kamanni kawai ta ara, injinta a tsakiya yake, tayoyi huɗu ke ja, ba motar da za ka saya ba ce.

In aka tankaɗe rubutun Malam, abin da ke saura a rariya ba inji ba ne, ba kariya ba ce. Mutunci ne. Yana tunanin ranar ɗaurin aure, da inda za a nuna maka ka ajiye mota, da yadda maigadi ke rugowa ya buɗe wa jif ƙofa ya bar mai guntuwa yana ta hon. Wannan gaskiya ce a ƙasarmu, na sha ta, an taɓa ce mini in matsa manyan baƙi na zuwa alhali ni ne waliyyin ango. Mota riga ce a wurinmu, kuma ban ga laifin wanda ya sayi babbar riga ba. Amma mu da muka gaji doki bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Akwai ingarman hawan daba, a sa masa lifidi da jalala da tunjimi, ya fito yana taku ɗai-ɗai jama'a na kaɗa hannu. Akwai kuma dokin sukuwa, wanda ake rage wa komai, sirdi ɗan ƙarami, mahayi ɗan siriri. Ba wanda ya taɓa zuwa filin sukuwa ya ce dokin nan bai cika doki ba don ba a yi masa ado. Malam ya tsaya a ƙofar fada yana yanke hukunci kan abin da ke faruwa a fili.

Batun kuɗi kuwa ba zan ja shi da nisa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya ga jif nawa aka lulluɓe da tamfol a unguwarsu, masu su na fita da motar uwargida. Ba zan ce don tsimi ake sayen GTI ba, ƙarya ce, wanda ke son tsimi zalla akwai wadda ta fi ta. Abin da ta zo da shi shi ne mota ɗaya mai aiki biyu. Kafin ita, mai son jin daɗin tuƙi sai ya mallaki mota ta biyu mai kujera biyu, wato sai mai hali. Ita kuwa malamin makaranta a Faransa ko ma'aikacin masana'anta a Jamus zai kai yara makaranta da ita ranar Litinin, ya yi cefane ranar Juma'a, ranar Lahadi da sassafe ya nemi hanyar duwatsu shi kaɗai. Abin da Malam ya kira almubazzarancin 'ya'yan masu kuɗi, asalinsa rabon talaka ne.

Abin takaici, kasuwa ta riga ta bi bayan Malam, don haka ban san me ya tsone masa ido ba. Tun farkon shekarun 1990 kamfanonin inshora a Ingila suka tsauwala kuɗi kan irin waɗannan motoci saboda yawan sata da gangancin matasa, cinikinsu ya faɗi. Waɗanda suka rayu suka yi ta ƙiba. Golf GTI ta takwas ta fito da doki 245, amma nauyinta ya haura kilo 1,400, wato ta ɗora wa kanta kusan wata tsohuwar Mini sukutum. Mota ce mai kyau, mai gudu fiye da kakarta nesa ba kusa ba, sai dai ta koyi yin shiru irin na manya. Volkswagen ya gwada komawa tushe da 'yar up! GTI mai doki 115 a 2018, ya daina ta a 2023. A watan Yulin 2023 Ford ya ƙera Fiesta ta ƙarshe a Kolon, samfurinta mai zafin nama, ST, ya tafi tare da ita. Doguwar mota ta fi kawo riba, mai lantarki kuma batirinta kaɗai ɗaruruwan kilo ne. Toyota ya fito da GR Yaris a 2020, Allah ya saka, amma kuɗinta ba na malamin makaranta ba ne.

Shi ya sa waɗanda suka rage suke tsada a Turai, har ana gwanjon 205 GTI mai lafiya a kan kuɗin sabuwar mota. Na gaya wa Baba bakanike haka da na koma bara, ina zaton zai yi murna. Ya ce wani dillali ya riga ni, ya zo har sau uku, na ƙarshe da tayin musaya da jif 'yar Beljiyam mai kujerun fata. Na ce to me ya hana? Ya ɗaga buhun ya nuna mini sabon famfon mai da ya sa aka kawo masa daga Yamai, ya ce saura robar shoka ta baya. Sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina ɗage ƙafa a kwana.